Sunaye Talatin da Ɗaya da Suka Ɓace a Mando

Ranar Alhamis da hantsi na manna jerin sunaye a bangon ofishin ƙungiyarmu, da hannuna, ina ta murna aiki ya ƙare. Ko sitacin da na manna da shi bai bushe ba Bala kafinta ya kutso cikin mutane, ya bi takardun da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi daga ƙasa har sama, sannan ya juyo ya dube ni.

"Sakatare, ina sunana?"

Na ce ya ƙara dubawa, wataƙila ido ne. Sai ya zaro 'yar takardar shaidar da na'ura ta buga masa ranar rajista, ya ɗora mini a tafin hannu. Kafin ya rufe baki wani ya ce shi ma haka, wani ma haka. Ba a kira azahar ba sai da muka ƙirga mutum talatin da ɗaya, kowa da takardarsa mai lamba da kwanan wata, kuma babu sunan ko ɗaya a bango.

Bari in faɗa muku abin da ya sa wannan ba wasa ba ne. Shekarar 1997 ce. An ce masu sana'a su tashi daga bakin titi a Mando, aka ba ƙungiyarmu fili a bayan tasha, rumfa ɗari huɗu da goma sha biyu. Kafintoci, masu walda, makanikai, masu fenti, da irinmu masu gyaran rediyo. Wanda sunansa ke jeri yana da rumfa, wanda babu nasa sai ya ɗauki kayan aikinsa ya san inda ya nufa. Don kada a ce an yi son kai ne ma muka sayo kwamfuta, muka sa aka rubuta mana manhajar rajista, muka ɗauki Hasana ta zauna a gabanta mako uku. 'Yar marigayi Malam Sanda mai gyaran keke ce, ta koyi buga tafireta, kuma ita kaɗai ke taɓa na'urar.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne duk talatin da ɗayan nan samari ne. Babu mai furfura ko guda. Nan take magana ta zagaye Mando cewa an sayar da rumfunan yara ga masu hali.

Shugabanmu, Alhaji Mamman mai walda, mutum ne da ke yi maka magana kamar kana tsallaken titi ko da kuwa kana gefensa. Ya tsaya a ƙofar ofis ya ce, "Na'ura ba ta san rumfa ba. Mutum ne ya san rumfa. Kuma kowa ya san wanda ke zaune a gaban na'urar."

Hasana tana ciki tana ji. Ba ta yi kuka ba, ta dai gyara mayafinta.

Alhaji ya ce in rubuta takardar ƙara zuwa ga 'yan sanda, za a kai ranar Asabar bayan azahar. Na rubuta, na sa hannu a matsayina na Rabe sakatare. Ba zan yi muku ƙarya ba, a lokacin rabin zuciyata ta yarda da maganarsa. Ɗaya rabin ne ya ɗora ni a kan babur bayan la'asar, na nufi Malali.

*

Malam Jibrin na je nema. Na san shi ne ta dalilin wani allon kwamfutarsa da ya ƙone na gyara masa. Aikinsa shi ne idan manhajar wani kamfani ta rikice, masu ita suka yi iya yinsu suka gaji, sai a kira shi. Ana ce masa Mai Bin Sawu, kuma ba zolaya ba ce. Mahaifinsa bin sawun shanun sata yake yi a wajen Giwa, shi kuma ya taso a bayansa. Har yanzu idan ya shiga ɗaki, ƙasa yake fara kallo kafin ya kalli fuskar mai ɗakin.

Na same shi a zaure yana shan rake. Na kwashe labari na ba shi. Ina cikin magana na ga ya daina tauna.

"Sakatare, sunayen nan, sun shiga ne aka fitar da su, ko ba su taɓa shiga ba?"

"Ai duk ɗaya ne, Malam. Babu su."

"Ba ɗaya ba ne. Saniyar da aka kwance daga turke tana barin igiya. Wadda ba a taɓa ɗaurewa ba, ba ta barin komai." Ya miƙe yana kakkaɓe riga, fuskarsa cike da murna kamar an yi masa albishir. "Kada kowa ya taɓa na'urar. Kada a share ɗakin. Ka tattaro mini takardun shaidar nan duka, gobe da sassafe ina nan."

Ni ina cikin tashin hankali, shi kuwa sai ka ce biki na gayyace shi.

*

Da safiyar Juma'a ya shimfiɗa takardu talatin da ɗaya a kan tabarma, ya tsuguna a kansu. Ya jera su bisa kwanan wata, ya sake jera su bisa lokaci. Sai ya kira ni da hannu.

"Duba nan. Mako uku ana rajista, amma duk waɗannan na kwana huɗun ƙarshe ne. Kuma babu na safe ko guda. Duk bayan la'asar."

Ya kunna na'urar, ya sa wani faifai nasa, ya daɗe yana duba abin da ni ban gane ba. Da ya ɗago ya ce idan an goge suna, gurbinsa kan zauna a faifan ajiya kamar ramin haƙorin da aka cire. Nan babu gurbi ko ɗaya. Sunayen ba su taɓa shiga ba.

Aka kira Hasana. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta zauna a kujerarta.

"Malama Hasana, an ce yayanki ya sami rumfa a bakin ƙofa."

"Haka ne, Malam. Yaya Isa mai fenti."

Wannan ita ce babbar hujjar mutane, don bisa tsarin rajista ake raba rumfa, wanda ya riga shi ke samun gaba. Malam Jibrin ya duba jerin. Isa ne na tara, ranar farko, ƙarfe takwas da kwata na safe. Ko mutum ɗari aka cire daga ƙarshen jeri ba zai motsa daga wurinsa ba. Wannan hujja ta mutu nan take, ni kuwa da na rubuta ta a takardar ƙara na ji kunya ta rufe ni.

Don in wanke kaina sai na kawo tawa basirar. "Malam, janareto ne. A kwana huɗun ƙarshe ne Alhaji ya kawo janaretonsa na walda da batirin riƙe wuta, don kullum tsakar rana wuta kan ɗauke, na'ura ta mutu, aiki ya tsaya. Ni mai gyaran rediyo ne, na san abin da wutar janareto ke yi wa kaya."

Ya ji daɗin maganar ƙwarai. Muka tayar da janareto, na auna wutar da mitata, ya shigar da sunayen ƙarya guda arba'in ɗaya bayan ɗaya. Duka arba'in suka zauna daram. Basirata ta bi bayan hujjar Isa.

Amma bai saki zancen ba. "Ka ce a da kullum na'ura takan mutu da tsakar rana? Da aka kawo janareto kuma sai ta wuni ba ta mutu ba?"

"Tun safe har a tashi."

Ya yi wata 'yar dariya. "To wataƙila ɗaukewar wutar ce ke cetonku ba ku sani ba. Wa ya rubuta muku manhajar?"

*

Mutum biyu ne suka rubuta, Ado da Nura, kuma a Unguwar Rimi suke. A da shago ɗaya gare su, tare suka yi makaranta, tare suka karɓi aikinmu. Ana tsakiyar aikin suka ɓata, suka raba shagon da falanki, kowa ya buɗe ƙofarsa. Ado ya rubuta ɓangaren rajista, Nura ya rubuta ɓangaren da ke buga takardar shaida, suka riƙa miƙa wa juna faifai ta saman falankin ba tare da ko gaisuwa ba.

Ado muka fara gani, mai dogon wuya da tabarau. Ko zama ba mu yi ba ya rage murya ya nuna falankin da haɓa. "Malam, ka binciki wancan. Tun da muka rabu yake neman ya ɓata mini suna. Nawa ɓangaren na gwada shi da suna dubu, bai yar da ko ɗaya ba."

Muka fita, muka taka taku uku, muka shiga wurin Nura. Shi gajere ne, yana magana yana juya biro. "Na ji abin da ya ce, ai falanki ne ba bango ba. Takarda talatin da ɗaya kuka kawo, ko? Duk sun fito tsaf, suna daidai, lamba daidai. Nawa aikin ya yi. A tambayi mai ajiya inda ya kai su."

Ni dai na gama yanke hukunci cewa ɗayansu ya dasa wa ɗaya mugunta a cikin manhajar. Malam Jibrin kuwa ya karɓi asalin rubutun kowannensu, wanda suka yi da yaren kwamfuta da ake kira C, ya sa aka buga masa a doguwar takarda mai huji a gefe. Muna fita ya juyo ya tambayi Nura wa ya koyar da su.

"Malami ɗaya ne. Allah ya jiƙansa."

Daga bayan falanki Ado ya ce amin. Wannan ce kaɗai maganar da suka haɗu a kanta ranar.

*

Bayan an sauko daga Juma'a muka koma ofis. Ya warware takardar nan tun daga bakin ƙofa har bango, ya cire takalmi, ya riƙa binta a durƙushe da jan biro. A nan ya yi mini bayanin da har gobe ban manta ba. Ya ce ƙwaƙwalwar na'ura kamar teburin aikina ce. Duk sunan da za a shigar, manhaja takan ari fili a kan teburin, ta gama, ta mayar. Idan tana ara ba ta mayarwa, teburin zai cika a hankali, har a zo lokacin da babu inda za a ajiye komai. Kashe na'ura kuwa yana share teburin gaba ɗaya.

"To ga ɓarakar nan, Malam. Ba ta mayarwa."

"Tana mayarwa. Na bi hanyar ajiye suna sau uku, Ado bai yi kuskure ba. Ka ga arba'in ɗin da muka gwada ma lafiya lau." Ya zauna a kan dugadugansa yana sosa gemu. "Akwai wata hanya da ake bi a ɗakin nan wadda ban bi ba."

Sai ya bar takarda ya koma sana'ar ubansa. Ya dubi ƙasa. Ofishinmu ƙofa biyu gare shi, babba inda ake layi, da ƙarama ta gefe. Ya tsaya a ƙaramar ya daɗe yana kallon siminti, ya dubi kujera mai katifa da ke kusa da teburin Hasana. Daga nan ya sunkuya a kan maɓallan na'urar har hancinsa ya kusa taɓa su.

"Sakatare, zo ka gani. Zo da sauri."

Mutanenmu da baƙin mai da ƙurar katako suke zuwa, katin ƙungiya da suke miƙa wa Hasana ma haka, don haka duk maɓallin da Hasana ke yawan taɓawa ya yi baƙi. Na haruffa sun yi baƙi, na lambobi sun yi baƙi. Jerin sama kuwa fari fat, ban da guda ɗaya a can kusurwar hagu, wanda ya yi baƙi ƙirin.

"Wannan maɓallin fasawa ne," in ji shi cike da daɗi. "A kowane ofis na shiga, shi ne mafi tsabta. Malama Hasana, me kike fasawa haka?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta me ya sa take gaida mutane. "Idan ina cikin rubuta wani, babba ya shigo ta ƙaramar ƙofa, ai ba zan bar shi a zaune yana jira ba. Sai in fasa na yaron, in yi wa Baba nasa, sannan in dawo."

"Sau nawa a rana?"

"Da farko kaɗan ne. A kwanakin ƙarshe kuwa, da manya suka ji za a rufe, ba na iya ƙirgawa. Wani ma ba nasa ba ne, ɗan'uwa yake kawowa ko maƙwabci."

Malam Jibrin ya faɗa kan takardarsa da rarrafe, ya nemo hanyar fasawa, ya bi ta da biro layi-layi. Ya tsaya a kan wata kalma, ya zagaye ta. Ya ruga ɗaya ƙarshen takardar, ɓangaren Nura, ya zagaye wata. Sannan ya kwanta rigingine a kan siminti yana dariya shi kaɗai.

Ni ban yi dariya ba. Tun da Hasana ta ambaci ƙaramar ƙofa nake tuna sau nawa na bi ta cikinta riƙe da hannun wani.

*

Asabar da hantsi ofis ya cika. Alhaji Mamman da dattawan ƙungiya shida a kan benci, Ado a wannan kusurwa, Nura a waccan, Bala kafinta a madadin samari, Hasana a kujerarta. A waje kuwa jama'a har bakin titi, ana leƙe ta taga. Takardar ƙara tana aljihun Alhaji, bakinta ya leƙo.

Malam Jibrin ya ƙara wa manhajar wani ɗan layi, yadda lamba za ta fito a kusurwar allo tana nuna filin da ya rage a ƙwaƙwalwar na'ura. Ya ce kowa ya sa ido a kanta.

"Bala, zo ka yi rajista."

Hasana ta rubuta, ta ajiye. Lambar ta sauka, ta koma inda take.

"Sake. Ranka ya daɗe Alhaji, ina roƙon alfarma, ka fita ka shigo yadda ka saba."

Alhaji ya yi tsaki, amma ya fita. Hasana tana tsakiyar rubuta sunan Bala ƙaramar ƙofa ta buɗe. Wallahi ba wanda ya ce mata komai. Ta miƙe rabi, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," ɗan yatsanta na hagu ya tafi kusurwa da kansa. Allo ya share. Lambar ta sauka, kuma ba ta koma ba.

"Sake," in ji Malam Jibrin.

Aka sake, ta ƙara sauka. Ba a ƙara wahalar da Alhaji ba, Hasana ta ci gaba da farawa tana fasawa, mutanen taga suna ƙirgawa da ƙarfi. Goma. Ashirin. Ni kaina na tsinci bakina yana ƙirgawa. A na ashirin da takwas lambar ta ƙare.

"Yanzu, Bala, yi rajistarka. Babu mai katse ka."

Hasana ta rubuta sunansa cikakke, ta danna ajiya. Firinta, na'urar buga takarda, ta yi ƙara, takardar shaida ta fito tsaf. Malam Jibrin ya miƙa wa Bala, sannan ya buɗe jerin sunaye ya juya allon kowa ya gani. Babu Bala.

Ɗakin ya ɗauki hayaniya, waje ma ya ɗauka. Bala ya riƙe takardar yana kallon allo, yana kallon Hasana, bakinsa a buɗe.

Da aka lafa Malam Jibrin ya ɗaga doguwar takardarsa. "A aikinmu akwai abin da ake kira makaro. Gajeren suna ne da kake laƙaba wa wasu umarni, don kada ka riƙa rubuta su kullum. Malamin Ado da Nura ya horar da duk ɗalibansa su rufe kowane aiki da makaro mai suna TSAF. Haka ne?"

Su biyun suka gyaɗa kai, ba su kalli juna ba.

"Ado ya yi nasa, aikinsa ya mayar da filin da aka ara. Nura ya yi nasa, aikinsa ya share allo. Kowanne daidai ne a gidansa. Hanyar ajiya tana cikin tsohon fayil ɗin Ado, na Nura bai kai can ba. Hanyar fasawa kuwa tana inda aka haɗa rubutun biyu, kuma na Nura ne ya zo daga baya, sai ya danne na Ado. Duk fasawa ɗaya, allo ya share, fili bai dawo ba. Idan teburi ya cika, ɓangaren Ado ya kasa ajiyewa kuma bai faɗa wa kowa ba, ɓangaren Nura ya buga takarda daga abin da ke kan allo. Da kun yi magana ta minti biyu ta saman falankin nan, da ba mu taru a nan ba."

Nura ya ce, "Amma ai wurin haɗawa na'ura kan yi gargaɗi idan suna ya zo sau biyu."

Ado ya cire tabarau ya goge da riga. "Ta yi. Ranar miƙa aiki ne, Alhaji yana tsaye a kaina, rubutun gargaɗi ya cika allo. Na ji kunya, na kashe gargaɗin. Kuma ban taɓa gwada fasawa ba. Ban zaci wani zai fara rubuta mutum ya bari ba."

"A ɗakin gwaji ba a yi," in ji Malam Jibrin. "A Mando ana yi. Samari suna layi tun safe, manya suna shigowa ta gefe, ana ture yara zuwa yamma. Kafin layi ya zo kansu teburi ya cika. Shi ya sa babu mai furfura a cikin talatin da ɗayan nan. Gyaran bai fi na minti biyar ba, a canza wa ɗaya suna, a sa manhaja ta yi ƙara idan ta kasa ajiya. Yarinyar nan ba ta ɗauki komai ba. Abin da aka koya mata a gida ta yi."

Dattawan benci kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Alhaji Mamman ya tura takardar ƙara cikin aljihu har ta ɓace, kuma a karon farko tun da na san shi ya yi magana a hankali.

"To, alhamdu lillahi. Sakatare, ka fita ka ce wa jama'a na'ura ce ta sami matsala, an gyara, za a mayar da sunayen yara bisa lambarsu. Zancen ƙofa a bar shi a nan ciki, kada yara su raina manya. Ita kuma Hasana, ka ce ƙungiya ta yafe mata."

Hasana ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa, kanta a sunkuye.

"Baba, ka yi haƙuri. Idan aka ce an yafe mini, an ce na yi ke nan. Jiya mahaifiyata ta aiki a sayo mata gishiri, mai shago ya ce a gaishe da mai sayar da rumfa. Ni ba yafewa nake nema ba."

Alhaji ya dube ni, irin kallon da ke cewa yi abin da na ce. Malam Jibrin yana naɗe takardarsa, ya gama nasa aikin, saura namu.

Na fita da niyyar faɗin abin da shugaba ya ce, wannan gaskiya ne. Shekara tara ina sakatare ban taɓa saɓa masa ba. Na hau kan benci a ƙofar ofis, ɗaruruwan fuskoki suka ɗago. Na ce sunaye talatin da ɗaya za su koma wurinsu, aka yi sowa. Na ce kuskure ne a cikin manhaja, an gano shi. Daga nan ya kamata in sauka. Sai na ji ƙafata ta ƙi.

"Akwai saura," na ce. "Kuskuren ba ya tashi sai an tsallake layi. Hasana ba ta tsallake layin kowa ba, mu ne muka tsallake, ita ta girmama mu. Zan faɗi waɗanda suka bi ta ƙaramar ƙofa, kuma da kaina zan fara. Ni, Rabe sakatare, sau goma sha ɗaya a kwana huɗu, kullum da wani a hannuna. Kuma ni na rubuta takardar da za a kai ta wurin 'yan sanda."

Na buɗe baki zan faɗi suna na biyu, tsoro ya cika ni, don na san na wa ne. Ban kai ga faɗa ba na ji muryar nan a bayana, ta dawo da ƙarfinta na kullum, yadda har na tsallaken titi zai ji.

"Mamman mai walda. Ban ƙirga ba, amma na fi shi. Kuma ni na kira ta ɓarauniya a wurin nan da nake tsaye. Na janye."

Ɗaya bayan ɗaya dattawan suka fito, kowa ya faɗi sunansa da bakinsa. Na waiwaya ta taga. Hasana, wadda kwana uku ana zaginta ba a ga hawayenta ba, ta kifa kai a kan teburi tana kuka. Bala yana tsaye a gefenta da takardar shaida a hannu, ya rasa ta inda zai fara ba ta haƙuri.